Mijin Inna a Bakin Teku

Shekarata goma sha huɗu a Jidda kafin mahaifiyata ta tako garin. A duk tsawon lokacin nan sau biyu kacal na je gida Madarumfa, kuma ni kaɗai, don takardun yara ba su taɓa yin daidai da hutuna ba. Saboda haka ranar da na ɗauko Inna daga filin jirgi, da bizar umara a jakarta da ƙullin daddawa a cikin kayanta, ba ta taɓa ganin jikokinta ba sai a waya.

Sai na ɗan koma baya kafin a gane irin gidan da ta shigo. Wanda ya yi mini hanyar zuwa ƙasar nan cewa ya yi aikin otal ne, har da riga mai maɓallai. Da na sauka sai na tarar otal ɗin garken awaki ne a bayan gari. Kafilina, wato ubangidan da na shigo ƙasar da sunansa, ya karɓi fasfona ya zura a aljihu, ya nuna mini tanti da jarkar ruwa, ya ja motarsa. Ni da na baro kiwo a gida don in ga duniya, na ƙetare teku na tarar da shi yana jirana. Wata bakwai ba ni da abokin hira sai awaki, kuma da Hausa nake yi musu faɗa don kada bakina ya manta.

Wata Juma'a na samu aka rage mini hanya zuwa unguwar Sharafiyya, don na ji an ce akwai 'yan'uwa a can. Bayan an idar da salla na fito ban ga takalmina ba. Ina dube-dube ina ƙunƙuni, sai wani dattijo mai farin rawani irin na mutanen Sudan ya dafa kafaɗata.

"Kai ɗan wace ƙasa ne, ya waladi?"

Hausarsa irin ta tsofaffinmu ce, sai dai an zuba mata Larabci. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, a ƙofar masallaci, ba takalmi. Bai tambaye ni dalili ba. Ya saya mini silifa, ya kai ni wurin mai ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis, ya zauna yana kallona har na suɗe kwanon. Shi ne Baba Ɗahiru, mai shagon gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Sau uku yana tafiya wurin kafilina, yana shan gahawa yana lallashi, har mutumin ya yarda aka mayar da iƙamata, takardar izinin zamana, wurin kafilin shagon. A hannunsa na koyi sana'a, kuma bayan shekara shida ya ba ni 'yarsa Huda.

An haifi Baba Ɗahiru a Mai Wurno ta Sudan, aka kawo shi Jidda yana ɗan shekara tara, bai taɓa ganin ƙasar Hausa da idonsa ba. Huda kuwa a nan Jidda, unguwar Aziziyya, aka haife ta. Kakanninta duka sun rasu ba ta gan su ba, mahaifiyarta kuma ta rasu kafin aurenmu. Muka kama gida a Madain Fahd, hawa na uku, Allah ya ba mu yara biyu. Babban na sa masa sunan mahaifina marigayi, Haruna, amma uwarsa da 'yan makaranta Harun suke ce masa. Lokacin da nake ba da labari shekararsa shida, ƙanwarsa Maryam biyu da rabi. Ina alfahari da cewa Harun yana jin Hausa tas, ko da yake in ka yi masa magana da ita rabin amsar da Larabci za ta dawo maka.

Ni ne ɗan farin Inna, kuma tana yi mini kunyar da matan zamaninta suke yi wa ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta yabona, ba ta tambayar lafiyata a gaban mutane, in za ta yi mini magana wani wuri take kallo. A filin jirgi, bayan shekara biyar ba mu ga juna ba, na durƙusa na gaishe ta, ta dubi keken kaya ta ce, "Yawwa. A ƙirga jakunkuna, uku ne." Huda ta ja ni gefe tana tambaya ko fushi ake yi da ni. Na ce mata a'a, haka abin yake, ni ma da shi na tashi.

A gida Huda ta riga ta shirya Harun, ta sa masa farar riga har ƙasa, ta koya masa gaisuwa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Sannu da zuwa, Inna," bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Inna ta dube shi daga sama har ƙasa, ta taɓe baki.

"Wanga ne mijin da aka aje mini? Lalle an cuce ni. Dubi kunnuwa kamar faifai, ga baki ba haƙora. Mi ka tanada mini na cefane? Ba ni son ka, mummuna. A maida ni gida."

Na yi dariya har na riƙe bango. Rabona da jin irin wannan tun kakata tana da rai, ita ma da haka take tarbata in na shiga ɗakinta, in rama, ta kore ni da muciya, sannan ta kira ni ta ba ni ƙanzo. Wasan kaka da jika ke nan, kowa ya san shi a wurinmu: jika namiji miji ne, kuma miji ne da ba ya taɓa yin daidai. A wannan lokacin sai na ji ƙanshin gida ya shigo hawa na uku. Ina ta dariya ban dubi fuskar yaron ba, kuma wannan shi ne laifina na farko.

Mako shida aka yi a haka. Na kai ta Makka ta yi umara, na kai ta Madina, sauran kwanakin tana gida. Kullum da safe za ta ce, "Maigida, ka tashi? Raggon miji, rana ta fito kana kwance." In ta kwance ƙullin ƙuli-ƙuli sai ta ɗaga ɗaya ta ce, "Ba naka ba ne, na sabon mijina ne," tana jira ya fizge. Shi kuwa sai ya mayar da hannuwansa baya ya fita. Ya koma cin abinci a ɗakin kwana. In ta shigo falo sai ya tuna yana da aikin makaranta. Zafi ya fara shigowa, shago ya cika da aiki, ina fita da sassafe in dawo a gajiye, na ɗauka baƙunta ce za ta wuce. Huda ma ta ce kunya yake ji.

Saura kwana bakwai jirginta, bayan magariba, Inna tana zaune a kan darduma tana shafa wa gwiwoyinta man zafi. Ta yi magana tana kallon taga.

"Yaron ga bai ɗauke ni ba. Ga shi ni da sake zuwa ƙasar ga sai dai wani ikon Allah."

Maganar ta tsaya mini a rai. Ta haura sittin, gwiwoyin nan ba za su sake hawa benen nan ba, ni kuma ban san ranar da zan iya kai yara gida ba. In ta tafi a haka, abin da za ta riƙe na mai sunan mijinta shi ne ƙeyarsa yana fita daga ɗaki. Na yanke shawara in kwashe kowa mu je shale, irin ƙananan gidajen hutun da ake haya a bakin teku, mu kwana biyu inda ba makaranta, ba talabijin, ba ɗakin ɓuya.

Wani dillali na samu ta waya. Ya turo hotuna, ga ruwa shuɗi kamar a bakin ƙofa. Ranar Juma'a bayan salla muka ɗauki hanyar kudu, wajen Shu'aiba, a tsohuwar motar Baba Ɗahiru mai kujeru bakwai. Shi yana gaba kusa da ni, Inna da Huda da Maryam a tsakiya. Harun ya zaɓi can baya, tsakanin tukwane da kular ƙanƙara. Tun daga Madain Fahd har muka fita gari Inna da Baba Ɗahiru suna gaisuwar surukai, in ɗaya ya ƙare ɗaya ya ɗauko daga farko.

Gani ya kori ji. Shalen ɗakuna biyu ne na katako a cikin katangar bulo, da ɗan rumfa da famfo. Teku kuwa ko ƙanshinsa sai iska ta juyo. Na tambayi mai gadin, wani ɗan Bangaladash siriri, ina ruwan yake, ya nuna yamma da haɓa ya ce tafiyar minti ashirin ce. Ya kai ni bayan ɗaki ya nuna mini tankin ruwa, ya ce daga samansa ake ɗaukar hoton. Na kira dillali, wayarsa a kashe. Ga mukayyif ɗin ɗaki ɗaya ya mutu, mutumin da ya gudo daga shago ya sake tarar da aikinsa yana jiransa. Mai gadin dai mutumin kirki ne. Da ya ga tsohuwa ya kawo mata kujerarsa, ya ara mana babbar laima, ya zana mini a ƙasa hanyar da mota za ta bi zuwa bakin ruwa ba tare da ta nutse a laka ba.

Na gama gyaran na'urar na fito ina share gumi, sai na ga kowa ya shiga ban da Harun. Yana zaune a cikin mota, ƙofa a buɗe. Tsarin shi ne mata da yara ɗaki ɗaya, ni da Baba Ɗahiru ɗaya. Na ce ya kai jakarsa ciki, ya ce shi a mota zai kwana. Rana ta dafa ni, dillali ya cuce ni, sai na ɗaga masa murya. Ya sunkuyar da kai, can ya ɗago.

"Baba, leish ba ta so na?"

"Wa?"

"Inna. Ta ce ni mummuna ne. Ta ce an cuce ta. Ta ce kunnena faifai ne, ni rago ne, ba ni da amfani, za ta nemo wani. Ana ma sawweit shai, ni ban yi mata komai ba."

Ya ci gaba da jerowa, abin da ta faɗa ranar farko, da na ranar da muka dawo daga Madina, da na shekaranjiya, da Hausa mai kyau wadda ban taɓa jin ya yi irinta ba. Ashe mako shida yana tarawa. Na durƙusa na ce masa wasa ne, haka kakanni suke yi.

"In wasa ne me ya sa ba ta dariya?" Ya goge hanci da hannun riga. "Kai ne kake dariya."

Na koya wa yaron nan kalmomi, ina ta yi wa abokaina fariya yana jin Hausa, amma ban taɓa gaya masa cewa akwai zagin da ake yi don so ba. Ni a wurina abu ne da ake tashi da shi kamar tafiya, ban taɓa tunanin koyarwa ake yi ba. Kunya ta kama ni ƙwarai, ga tausayinsa.

Daga nan na yi laifina na biyu. Na tafi wurin Inna, tana ƙarƙashin rumfa tana tsince shinkafa a faranti. Ban saba zama in yi doguwar magana da ita ba, sai na tsuguna daga nesa ina kame-kame. Na ce yaran nan na nan ba su san wasan jika ba, duk abin da ta faɗa gaskiya yake ɗauka, ko za ta ɗan sassauta masa. Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar.

"To," in ji ta. Sannan ta ce wa farantin, "In ban zage shi ba, da mi zan so shi?"

Ta kuwa daina. Da la'asar muka bi zanen mai gadi muka isa bakin ruwa. Harun ya miƙa mata goran ruwa don uwarsa ta aike shi, ta karɓa da hannu biyu ta ce, "An gode, yaro. Allah shi yi albarka." Haka take yi wa ɗan maƙwabta. Maryam tana ta gudu tana kwasar yashi, Huda tana bin ta, Baba Ɗahiru ya naɗe wando ya shiga ruwa. Inna ta zauna ƙarƙashin laima ta ba teku gefe, tana jan carbi. Na ce ko za ta matsa ta gani. Ta ce tafkin Madarumfa ana sha, ana wanki, ana ban ruwa, wannan kuwa girman banza ne. Harun ya samu sauƙi, ya daina gudu, amma bai matso ba. Su biyu suka zama baƙi masu ladabi, kuma tsohuwar da ta cika gidana da surutu mako shida ta koma ƙarama a cikin mayafinta. Garin neman gira na rasa ido.

Washegari bayan sallar asuba ina haɗa shayi, Baba Ɗahiru ya zo ya zauna kusa da ni. Ashe bangon katako ba ya riƙe magana, duk ya ji.

"Isuhu, ba laifinka ba ne kai ɗaya," in ji shi. "Ni ma ina da kaka a Mai Wurno. Ɓarawo take ce mini, ni in ce mata mayya. Ranar da za mu taho ta bi motarmu tana zagina har muryarta ta dushe. Da na zo nan na aje wasan, don in ka ce ma jikanka ɓarawo a bene, maƙwabta su ji, sai a ce tsoho ya haukace. Shekara shida ina ce ma yaron ga habibi. Abubuwa da yawa na aje, ya waladi, ban san na aje ba."

Ya shanye shayinsa ya kira Harun. "Yalla, zo mu je wurin masunta." Suka tafi a ƙafa, tsoho da jika, na ga yana ta yi masa bayani da hannu. Sai da rana ta ɗaga suka dawo da kifi huɗu a leda, wai wani masunci ɗan Yaman ya ƙi karɓar komai da ya ji akwai baƙuwa daga nesa. Harun yana tafe yana motsa baki kamar mai bitar hadda. Na yi zargin abin da suka ƙulla. Abin da ya ɓace mana, ni da surukina, shi ne ba wanda ya gaya wa Huda.

Da azahar aka shimfiɗa tabarma a rumfa. Huda ta gasa kifi ta dafa shinkafa, Inna kuma ta tuƙa tuwo ta kaɗa miyar kuka da daddawar da ta zo da ita. Ta zuba a ɗan kwano ta tura gaban Harun.

"Ga shi, yaro."

Ya ɗanɗana. Ya dubi kakansa, kakan ya gyaɗa kai. Sai ya miƙe tsaye, hannuwa a gefe kamar a gaban malami.

"Ke tsohuwa," in ji shi. "Miyarki ba gishiri. Ba ki iya girki ba. Na... na sake ki."

Cokali ya faɗi daga hannun Huda.

"Harun! Aib!"

Kafin in buɗe baki ta cafko hannunsa ta ɗirka masa duka a baya, Larabci yana zuba, wa ya koya maka, uwar ubanka ce, ka ba ta haƙuri yanzun nan. Yaron ya fashe da kuka yana kallon kakansa, kallon wanda aka tura rami. Baba Ɗahiru yana ƙoƙarin haɗiye lomar da ke bakinsa. Ni kuwa na ce shi ke nan, an gama, ba zai sake yarda da kowa a cikinmu ba.

Inna ce ta riga mu. Matar da sai ta dafa bango take tashi, ban ga lokacin da ta miƙe ba.

"Ke ɗiyar ga, cika mini miji. Ina ruwanki? Tsakanin mata da miji sai Allah."

Ta ja shi ta mayar bayanta. Shi kuma, da yake ba shi da wata mafaka, ya cukuikuye zanenta da hannu biyu ya ɓoye fuska. Huda ta tsaya da hannu a sama, ta dube ni, ta dubi ubanta. Inna ta jira kukan ya lafa, sannan ta juya ta sunkuya, ta haɗe rai kamar yadda ta saba.

"Kai kuma, saki nawa ka yi? Ɗaya? To ba inda za ni. Wanda bai taɓa sayen gishiri ba shi ke cewa miya ba gishiri? Ina wanda ka kawo?"

Harun yana shessheƙa ya leƙa wajen kakansa, amma haddar ta ƙare, tsohon ya buɗe hannuwa alamar ba saura. Yaron ya ja hanci, ya dubi fuskar Inna sosai, ina jin karo na farko ke nan. Ban san abin da ya gani a wurin ba. Ya ɗaga hannu ya nuna yamma.

"Ga shi can a bahar, da yawa. Je ki ɗebo."

Inna ta yi ƙoƙarin riƙe fuska, abin ya gagara. Ta zube a tabarma tana dariya har dasashinta ya fito, tana riƙe da wuyan hannunsa tana cewa, "Ku ji mini mugun miji, zai aike ni cikin ruwa in nutse shi auri yarinya." Baba Ɗahiru yana rantsuwa wallahi wannan ba shi ya koya masa ba. Harun bai yi dariya ba tukuna, amma bai ƙwace hannunsa ba.

Huda ce ta tashi ta shiga ɗaki. Na bi ta na tarar tana zaune a bakin katifa tana kuka. Na yi mata bayanin da ya kamata in yi tun ranar farko. Ta saurara, ta ce ita ma mako shida tana jin zafin maganganun, ta danne don kada a ce ta raina surukarta.

"Ni ban taɓa yin kaka ba, Isuhu," in ji ta. "Wa zai gaya mini?"

Na ba ta haƙuri. Da ta fito, Inna ta ɓare tsokar kifi mafi kyau ta ajiye a gefen da Huda take ci.

Da la'asar Harun ya tsaya kan bakarsa sai an je ɗebo gishiri. Ya samo goran ruwa wanda ba komai a ciki, ya kama hannun Inna tun daga mota. Ta tuɓe takalmi, ta tattare zane, tana tafe tana tsine wa ranar da aka ɗaura mata aure da shi. Da ruwa ya taɓa ƙafarta ta ja baya, ya ce mata matsoraciya, ta ce masa mai kunnen faifai, ya ce mata mai baki ba haƙora, ta ce ai gado ya yi. In kalma ta ƙare masa sai ya cika da Larabci, ita kuma ta amsa kamar ta ji. Suka shiga har ruwa ya kai mata ƙwauri, ta dafa kansa don kada ta faɗi, ta bar hannun a wurin ko bayan ta daidaita.

Na tsaya daga nesa da Maryam a kafaɗa. Na yi farin ciki, amma ba zan ɓoye ba, har da ɗan kishi a ciki. Hannun nan bai taɓa zama a kaina a gaban mutane ba. A nan ne na fara tunanin ko duk abin da aka hana ta nuna mini shekara talatin da takwas, shi ta ƙullo ta kawo wa yaron nan, kuma saura kaɗan in sa ta koma da shi.

Kwana huɗun da suka rage gidanmu bai huta ba. Ya sake ta ya fi sau goma, ta yi yaji zuwa kicin ya je biko. Ya fizgi ƙuli-ƙuli ya gudu. A ɗakinta yake kwana, da safe ya fito yana ƙarar minsharinta. Maƙwabcinmu ya tare ni a bene yana tambaya ko lafiya, na ce masa rikicin ma'aurata ne.

Ranar tafiya muka raka ta filin jirgi gaba ɗaya. Aka auna kaya, ta yi sallama da Baba Ɗahiru doguwa, ta rungumi Huda ta sa mata albarka, ta sumbaci Maryam. Na durƙusa na ce Allah ya kiyaye hanya, a gaida mutanen gida. Ta dubi allon da ke sama ta ce, "Amin." Harun yana riƙe da gefen mayafinta, idanunsa sun yi ja.

"Tafi," in ji shi. "Dama kin cinye mana abinci."

"Zan tahi. Ka ci ka ƙoshi, marowaci."

Ma'aikacin da zai tura ta a keke ya iso. Ta zauna, ta gyara jakarta, sannan ta yafito yaron da hannu. Ina tsaye taku ɗaya daga wurin, kuma ba ta rage murya ba.

"Maigida, zo in ba ka saƙo. Ka gaya ma wancan da ke tsaye shi riƙa cin abinci, ya rame. Ka ce mishi na ga gidanshi da idona. Ka ce ya yi ƙoƙari."

Harun ya juyo ya dube ni, ya goge ido, ya gyara tsayuwa don isar da saƙo.

"Baba, matata ta ce ka ci abinci. Ta ce ka yi ƙoƙari."

Ni ma na dubi allon da ke sama.

"Ka ce mata na ji," na ce.

Ya ruga ya bi keken don ya gaya mata.